Da aka ba ni Makbet in fito a shi

A sashenmu akwai wani kwas da ba a rubuta masa jarabawar takarda, aji ne gaba ɗaya zai ɗauki wasa guda ya yi ta fama da shi tun farkon samista har a kai shi dandamali, makinka kuma daga abun da ka yi a ranar yake fitowa, da tambayoyin da za a yi maka bayan an tashi. Mu namu malamin yace Makbet na Shekspiya zamu yi, da Hausa, amma da sharaɗi: ba za a maida shi wata masarauta ta nan ba, ba rawani ba dogarai, a Sikotland yake kuma a can zai zauna, sunayen ma a bar su. Wasu sun so yin musu, yace in kuka sa wa Dankan alkyabba 'yan kallo zasu koma lissafin wane sarki kuke nufi su manta da wasan. Magana ta ƙare. Ni dai Makdaf na so, don shi ne mai ɗaukar fansa kuma haddarsa ba yawa, sai aka liƙa sunaye naga ni ne Makbet ɗin.

Ga wanda bai taɓa karanta shi ba, labarin bai da wani tsawo, shi ne ma mafi gajarta a wasannin Shekspiya masu mugun ƙarshe. Makbet babban mayaƙin Sarki Dankan ne kuma ɗan uwansa, yana dawowa daga yaƙin da ya ciwo wa sarki nasara shi da abokinsa Banko sai suka ci karo da wasu mayu mata uku, suka gaishe shi da sarautar da yake riƙe da ita ta Gilams, da wadda bai san an ba shi ba ta Kawdo, sannan suka ce zai zama sarki. Makbet ya kashe Dankan cikin dare da ya zo masa baƙunta gida, ya hau mulki, daga nan kisa ya yi ta jan kisa har aka sare masa kai.

Zaman farko karatu ne kawai, muka baje a ƙasa a hol kowa da fotokwafinsa aka karance shi tas. Da aka gama malam ya tambaya, to wa ya jawo? Wallahi kusan duk mazan ajin baki ɗaya suka ce matar Makbet ce, har da masu jawo zancen kaidin mata, 'yan matan kuma suka ce ai mayun ne suka yi masa asiri, in ba asiri ba ta yaya mutum zai kashe wanda ya gama ɗaukaka shi jiya-jiya. Malam bai ƙaryata kowa ba, aiki kawai ya ba mu: a je a nemo masa layi ɗaya tak inda mayun suka ce wa Makbet ya kashe wani. Ni kuma yace in ƙara da nemo wanda ya fara tunanin kashe Dankan a duk wasan.

Babu layin. Na bi wasan gaba da baya, babu shi. Gaisuwa suka yi da albishir, shi ke nan, suka ɓace. Zancen Kawdo ma ba wani sanin gaibu ba ne a wurin mai kallo, don a fitowar da ta gabata mun ji Dankan da bakinsa yace a kashe tsohon mai Kawdo saboda cin amanar da ya yi a ba Makbet sarautar, ɗan aike ne kawai bai iso ba. Wanda ya fi tsaya min a rai Banko ne. Shi ma yana wurin, shi ma an yi masa nasa albishir, an ce ba zai yi sarauta ba amma zuriyarsa zasu yi, kuma shi ne ya juya ya tambayi Makbet, me ya sa ka razana da jin abu mai daɗi haka? Wato tun kafin Makbet ya buɗe baki jikinsa ya riga ya yi wani abu da abokinsa ya gani. Da ɗan aiken sarki ya iso da labarin Kawdo, Banko gargaɗi ya yi, cewa masu aikin duhu sukan faɗa maka gaskiya a ƙaramin abu don su kai ka su baro a babba, shi kuwa gogan naka gefe ya koma yana magana da kansa, kuma a nan ne, kashi na ɗaya fitowa ta uku, tunanin kisan ya fito, daga kansa, matarsa tana can gida a Inbanes ba ta ma san an yi haɗuwar ba.

Amma fa bai yanke ba a lokacin. Cewa ya yi in rabo ne zai ba ni sarauta to rabon ya naɗa ni, ba sai na motsa ba. Sai ga shi a fitowa ta gaba Dankan ya sanar cewa ɗansa Malkom ne magaji, nan take Makbet yace wannan tudu ne ya tare min hanya, ko in faɗi a kansa ko in tsallake shi. Malam yace min wannan wurin naka ne, duk hol ɗin fuskarka zai kalla lokacin da kowa yake taya Malkom murna. Mun daɗe a kan tafi kawai, yanda zan tafa tare da jama'a amma hannuna ya makara da ɗan kaɗan.

Akwai ranar da ba mu yi rihazal ba sam, tarihi ya zauna ya ba mu. An rubuta wasan wajen 1606, ba a buga shi ba sai 1623 bayan rasuwar Shekspiya. Sarkin da ke mulkin Ingila a lokacin, Jemis, ɗan Sikotland ne, ya hau gadon Ingila a 1603, shi ne uban ƙungiyar wasan su Shekspiya, mutum ne da ya yarda da maita sosai har littafi ya wallafa a kanta a 1597, sannan a 1605 an yi yunƙurin tayar da ginin majalisa da albarushi yana ciki. To ka ga wasan mayu da kisan sarki ba haka kawai ya faɗo ba. Makbet na ainihi kuwa ya yi mulki daga 1040 zuwa 1057, a fagen yaƙi aka kashe Dankan ba a kan gado ba, Dankan ɗin ma ba tsoho ba ne, kuma ƙasar ta zauna wa Makbet har ya iya barinta ya je ziyara Rum a 1050. A littafin tarihin Holinshed inda Shekspiya ya ɗauko labarin, Dankan sarki ne mai sakaci, Banko kuma da shi aka ƙulla kisan, amma tunda Jemis yana danganta kansa da zuriyar Banko sai aka wanke shi tas. Ni abun da na fito da shi daga wannan lakcar shi ne duk wata mafaka da mutumin zai laɓe a ciki marubucin ya bi ya rushe. Ya maida Dankan dattijo mai kirki, ya kawo shi gidan a matsayin baƙo, ya kwantar da shi barci, ya janye abokin da za a raba laifin da shi.

Fitowar da ta fi cinye mana lokaci ita ce ta bakwai a kashi na ɗaya, ni da wadda ta fito a matar, wadda tun daga nan kowa ya koma ce mata Uwargida har yau. Ana can ana cin abinci da sarki Makbet ya sulale ya fito shi kaɗai yana lissafa dalilan da suka sa bai kamata ba: ɗan uwansa ne, sarkinsa ne, baƙonsa ne wanda shi ya kamata ya tsare masa ƙofa ba ya ɗauki wuƙa ba, kuma bawan Allahn nan bai zalunci kowa ba. Wannan ba sai an yi wa Bahaushe dogon bayani ba, mu da muke cewa baƙonka annabinka. A ƙarshe ya faɗa da bakinsa cewa ba shi da abun da ke zaburar da shi sai buri, burin da ya wuce gona da iri. Matar ta shigo yace mata an fasa. Kafin fitowar ta ƙare yace ya shirya. Tsakanin an fasa da na shirya 'yar magana ce ta 'yan mintuna, kuma a nan duk rigimar take.

Malam ya sa muka gwada ta ta hanyoyi daban-daban. Akwai wadda yace Uwargida ta taso min da faɗa tana ɗaga murya ni ina ja da baya har bango. 'Yan aji suka yi ta dariya da tafi, abun ya koma barkwancin mijin tace. Ya tsayar da mu yace a karanto masa abun da sojan nan mai rauni ya faɗa wa Dankan a farkon wasa, yanda Makbet ya keta cikin dakaru ya tsaga shugaban 'yan tawaye tun daga cibiya har haɓa ya kafe kansa a kan ganuwa. Yace to wannan mutumin ne za a daka wa tsawa ya bi? In tsoron matarsa ne ya sa shi kisa ai ba abun tausayi ba ne ba kuma abun tsoro ba, sauran kashi huɗun ma sai a tattara a ajiye.

Sai muka koma kan maganganun a tsanake. Uwargida ce ma ta lura, tace Malam ji fa abun da take cewa, wai in ba ka da niyya wace dabba ce ta sa ka kawo min zancen tun farko. Ke nan shi ya fara. Ta yi masa gorin rashin mazantaka, tace in ka fasa to haka zan ɗauki soyayyarka ma, ta kawo maganar nan mai tayar da tsigar jiki ta jaririn da take shayarwa, cewa da ita ce ta yi rantsuwa irin tasa da ta fizge shi daga nono ta fasa masa kai. Amma ku duba shi. Zancen zumunci da haƙƙin baƙo da ya gama lissafa wa kansa ko ɗaya bai faɗa mata ba, abun da yace mata shi ne sarki ya karrama shi kwanan nan kuma mutane suna ganin girmansa. Bayan duk gorin nan kuma amsarsa ita ce, in muka kasa fa? Da ta zayyana masa tsarin, a ɗirka wa masu tsaron ɗakin giya su yi barci a ɗora musu laifin, shi ne ya ƙara da cewa a shafa musu jini a yi aikin da wuƙaƙensu. Daga ranar muka maida fitowar raɗa, tana magana ƙasa-ƙasa ni ina kallon ƙofar ɗakin da sarki yake, kuma lokacin da zan ce in muka kasa fa, matsowa nake ba ja da baya ba. Malam yace matar turin mota ta yi a bakin gangara, turi ne na gaske ba wanda zai ce ba ta yi ba, amma ba ita ta ajiye motar a wurin ba kuma ba ita ke riƙe da sitiyari ba.

Ita ma Uwargida ta yi nata binciken ta zo da abun da ya canja yanda take fitowa. Matar da ake cewa ba ta da ɗigon tausayi sai da ta roƙi aljanu su toshe mata shi kafin ta iya, sai da ta sha abun da ta ba masu gadin ta samu ƙarfin hali, kuma da ta ga Dankan yana barci tace ya yi kama da babanta shi ya sa ba ta yi da hannunta ba. Bayan kisan ita ke cewa ɗan ruwa kaɗan zai wanke mu, ni ina cewa ko teku ba zai wanke hannun nan ba, ina kukan na kasa cewa amin da naji wasu sun farka suna addu'a, ina jin murya tana cewa na kashe barci. Zuwa kashi na biyar sun yi musanye, ita ce ke yawo cikin barci tana murza hannu, shi kuma yana cewa ya kusa manta yanda tsoro yake.

Don 'yan kallo su ga wannan ba sai an faɗa musu ba malam ya sa aka ja layuka da alli a dandamali. Kafin kisa taku ɗaya ne tsakanina da ita, duk jinin da aka ƙara zubarwa sai a ƙara taku. Kuma wasan da kansa ya ba mu hujja. Da safe da Makdaf ya gano gawar, Makbet ya shiga ya kashe masu gadin nan biyu, wannan ba ya cikin tsarinta, a nan ne ma ta suma (ko suman gaske ne ko na dabara mun sha musu, ita ta zaɓi na gaske). Da ya hau mulki ya tuna an ce zuriyar Banko ce za ta gaji kujerar, shi kuma ba ɗa, ya ɗauko makasa haya. Ta tambaye shi me za a yi, yace ba sai kin sani ba, bari a gama ki yaba. Abun da ya ban mamaki ranar da nake haddar maganarsa da makasan, gorin mazantakar da aka yi masa shi ya juya yake musu, ku maza ne ko kuwa sunan kawai. Ya koyi sana'ar ke nan. Banko ya mutu, ɗansa Filiyans ya tsere, fatalwar Banko ta zo ta zauna wa Makbet a kujera a wurin liyafa, kuma daga wannan liyafar ba a sake ganin miji da matar tare a dandamali ba har wasan ya ƙare.

Kashi na huɗu ne ya fi ba ni wuya duk da maganarsa ba ta kai ta farko yawa ba. A da mayu ne suka tare shi a hanya, yanzu shi ne ya tashi takanas ya je nemansu har yana ba su umarni. Suka nuna masa abu uku: ya yi hattara da Makdaf, ba wanda mace ta haifa da zai cutar da shi, kuma ba za a ci shi da yaƙi ba sai dajin Banam ya taso ya zo tudun Dansinen. Nan ma ba su ce ya kashe kowa ba. Shi ne yace duk da haka sai Makdaf ya mutu don hankalinsa ya ƙara kwanciya, da aka ce masa ai ya gudu Ingila sai yace a je gidansa a Fayif a kashe matarsa da 'ya'yansa. Kisan Dankan ya kawo kujera, na Banko a ce tsoro ne, wannan kuwa ba ribar komai. Kuma ba wata doguwar muhawara da zuciya, cewa ya yi daga yau abun da zuciyata ta fara rayawa shi hannuna zai fara yi. A dogayen jawaban farko akwai kokawa da zaka nuna, ka yi gumi ka yi rawar murya a tafa maka, a nan kuwa malam cewa yake kar ka ɗaga murya, kar ka ɓata fuska, faɗa kawai ka wuce. Bakina ya yi ta son ya ƙara wani abu yana hana ni.

Sauran aikin na hannu ne. Muka cire fitowar Hekati, shugabar mayun, da ma masana da yawa suna ganin wani marubuci ne mai suna Tomas Midiltin ya ƙara ta daga baya, doguwar hirar Malkom da Makdaf a Ingila ma aka rage ta sosai. Jini zoɓo ne mai kauri da sitaci, takubba kafinta ya sassaƙa mana aka shafa fenti, dajin Banam kuma rassan darbejiya ne da 'yan aji ɗaya suka saro mana da yamma.

Ranar wasa hol ya cika. A fitowa ta bakwai duk da raɗar da muka maida ita sai da wani daga baya ya ɗaga murya, "kai malam kar ka biye mata!", aka kwashe da dariya, wasu mata suka rama masa. Wato ra'ayin da muka shigo da shi ranar karatu shi 'yan kallo ma suka shigo da shi. Amma da aka zo Fayif, yaron da ya fito a ɗan Makdaf (ƙanin wata 'yar ajinmu ne) ya gama surutunsa da uwarsa makasa suka shigo, ba wanda ya ƙara ambatar matar, ba ta ma wurin, tana bayan labule tana jiran fitowarta ta barci. Naji wata a layin gaba tana cewa wannan ai ba shi da imani. Da aka kawo min labarin mutuwar matar na yi jawabin nan da yake cewa rayuwa labari ne da wawa ya bayar, hayaniya ce ba ma'ana, a can ƙarshen layin allin na tsaya na yi shi, ba hawaye. Sannan rassan darbejiya suka fara shigowa ta ƙofar baya ta cikin jama'a, Makdaf ya faɗa min cewa shi ba haihuwarsa aka yi ba, farka cikin uwarsa aka yi aka ciro shi kafin lokaci, sai a lokacin Makbet yace kar a ƙara yarda da masu baki biyun nan. Duk da haka ya ƙi miƙa wuya, ya ɗaga garkuwa, muka fita muna sara.

Washegari aka yi tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, malaminmu da wani malami daga wani sashe. Baƙon yace min, to kai da ka zauna a cikinsa, in an cire mayun da matar zai kashe Dankan? Nace Malam a wannan daren dai ba zai yi ba, don da bakinsa yace an fasa kuma ita ta dawo da shi, mayun kuma su suka fito masa da abun fili. Amma Banko ma ya ji abun da ya ji, har yace yana mafarkinsu, yana roƙon a tsare shi daga mugun tunanin da ke zuwa masa cikin barci, kuma bai ɗauki wuƙa ba, sannan daga masu gadin nan biyu zuwa Fayif ban ga hannun kowa ba sai nasa. Yace to in haka ne me ya sa zamu tausaya masa? Nace saboda ya san abun da zai yi tun kafin ya yi, ya lissafa muninsa dalla-dalla fiye da yanda kowa a wasan zai iya, har ya hango cewa gubar da ya dama zata dawo bakinsa. Ya rubuta wani abu bai ce komai ba, yace in turo na gaba. Uwargida ce ta shiga bayana, ita tambayarta daban, wai me ya sa ta zaɓi suman gaske, ta fito tana tsaki tana cewa na dabara ya fi sauƙin karewa.